Wa Ke Riƙe da Katin Sadarwar Kwamfutarka?

 Shirin yau na waɗanda suka fara hulɗa da babbar manhajar nan ta Linux ne: ɗaliban jami'a da na kwalejojin kimiyya da fasaha, malaman da aka damƙa wa ɗakin kwamfuta a makarantu, masu shagon buga takardu da yin rajista, da matasan da ke koyon aikin haɗa sadarwa da fatan ya zame musu sana'a. Wanda kuma Windows kaɗai ya sani, kada ya sauya tasha, domin da yawa daga abin da za mu faɗa ya shafi duk wata kwamfuta da ke shiga intanet.

Ga tambayar da ke gabanmu. Idan kana so ka saita yadda kwamfutarka za ta haɗu da 'yan'uwanta ko da intanet, da wane kayan aiki za ka yi? Ka buɗe tsohon littafi, ya ce maka ifconfig. Ka tambayi na gaba da kai a aji, ya ce ai an daina wannan tuni, ip ake yi yanzu. Wani ya ce NetworkManager, wani ya ce Netplan, wani kuma ya rantse maka cewa fayil guda za ka gyara, shi ke nan. Kowannensu gaskiya ya faɗa, amma a kan tasa kwamfutar. Rikici yana farawa ne a lokacin da ɗalibi ya ɗebi kaɗan daga nan, kaɗan daga can, ya zuba su duka a na'ura ɗaya.

Bari mu fara sanin abin da ake saitawa. Kowace kwamfuta tana da wuraren da sadarwa ke shiga da fita: ramin da ake soka kebul, ko Wi-Fi ɗin da ke cikinta, ko modem ɗin da ake saka wa layin waya, ko ma wayar salula da aka jona mata da igiya don ta ja data. A wurin kwamfuta kowanne daga cikinsu katin sadarwa ne, kuma yana da sunansa. Kayan aikin da za mu ambata yau, idan aka haɗa su, abu huɗu suke yi wa katin nan. Su tashe shi ko su kwantar da shi. Su ba shi adireshin IP, misali 192.168.1.50, tare da lambar da ke nuna iyakar rukunin da yake ciki. Idan ka ga an ƙara /24 a ƙarshen adireshin, rukunin na iya ɗaukar na'urori 254. Su gaya masa adireshin rauta, wadda ta nan ne saƙo ke fita waje. Sannan su gaya wa kwamfutar inda za ta sami DNS, wato na'urar da ke mayar da sunan shafin da ka rubuta zuwa lamba.

A mafi yawan gidaje da ofisoshi, rauta ko MiFi ce ke raba waɗannan bayanai da kanta, ta wani tsari da ake kira DHCP. Shi ya sa mutum zai shekara yana aiki da kwamfuta bai taɓa sanin tana da adireshi ba. Ranar da za ka buƙaci sani ita ce ranar da aka ce ka kafa sabar a makaranta, wadda dole sauran kwamfutoci su riƙa samunta a adireshi ɗaya kullum, ko ranar da sadarwa ta tsaya, kowa ya zuba maka ido.

To, kayan aikin nan iri biyu ne, kuma wanda ya fahimci wannan rabuwa ya yi rabin tafiya. Akwai waɗanda ke taɓa katin nan take, su sauya shi a yanzu, amma ba su ajiye komai. Akwai kuma waɗanda ke rubuta saitin su adana, su mayar da shi duk lokacin da aka kunna kwamfuta. Da ifconfig da ip, dukansu na kashin farko ne. Sauran sunayen da muka ambata na kashi na biyu ne.

Mu fara da tsohon. ifconfig ya girmi Linux kanta. Ya fito ne a 1983 cikin manhajar 4.2BSD ta Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka, shekara 8 kafin Linus Torvalds ya fara Linux a Finland a 1991. A Linux yana zuwa ne cikin wani ƙunshi mai suna net-tools, tare da route da arp da netstat. Ya yi aiki, kuma ya cancanci a girmama shi. Sai dai bayan fitowar sigarsa ta 1.60 a 2001, an yi kusan shekara 20 ba a sake fitar da sabuwar siga a hukumance ba. Ita kuwa Linux ba ta tsaya ba. Ta koyi ɗora adireshi da yawa a kati ɗaya, ta koyi riƙe teburin hanyoyi fiye da ɗaya, ta koyi raba gudun sadarwa tsakanin masu amfani, ta koyi keɓe wa kowace manhaja sadarwarta ita kaɗai, wanda a kansa ne fasahohi irin su Docker suka ginu. ifconfig bai san yawancin waɗannan ba.

Wanda ya san su shi ne ip. Yana cikin ƙunshin iproute2, wanda wani masani ɗan Rasha, Alexey Kuznetsov, ya rubuta a ƙarshen shekarun 1990, daga baya Stephen Hemminger ya ci gaba da kula da shi. Bambancinsu ya wuce na sunan umarni. ip yana magana da ƙwayar Linux ta wata sabuwar hanya mai suna netlink, wadda aka gina don irin waɗannan sababbin ayyuka, shi kuwa ifconfig yana bin tsohuwar hanya ce.

Ga inda abin ya fi damuna, kuma ina roƙon ku saurara da kyau. Idan aka ƙara wa kati adireshi na biyu da ip, ba tare da an laƙaba masa lakabi irin na da ba, sai ka duba da ifconfig, adireshin farko kawai zai nuna maka. Na biyun yana nan, yana aiki, yana karɓar saƙo, amma ba za ka gan shi ba. Kayan aikin da ya gaza yin wani abu, da sauƙi, za ka nemi wani. Wanda zai nuna maka rabin gaskiya kana tsaka da neman matsala, shi ne abin gudu, domin za ka yanke hukunci a kan abin da ka gani, alhali ba shi ke nan ba.

Wannan ya sa manyan rassan Linux suka daina zuwa da shi. Ƙaramin zubin CentOS 7 na 2014 bai zo da ifconfig ba. Debian 9 ta bi sahu a 2017, Ubuntu 18.04 kuma a 2018. Yau idan ɗalibi ya rubuta ifconfig, kwamfuta ta ce ba ta san wannan umarni ba, shawarar farko da ake ba shi ita ce ya sauko da net-tools. Ni ban ga hikimar haka ba. Mintunan da zai ɓata yana sauko da tsoho sun ishe shi ya koyi umarni uku na sabo. Amma kada wani ya fita yana cewa ifconfig ya mutu. A FreeBSD da OpenBSD da macOS na kamfanin Apple yana nan daram, ana kula da shi, kuma shi ne kayan aikin da ya dace a can. Wanda zai yi aiki da pfSense, wadda aka gina a kan FreeBSD, dole ya san shi. A Linux ne zamani ya wuce shi.

Umarnin ukun nan, ku ɗauki biro. Na farko: ip, wato harafin i da harafin p, sai tazara, sai addr. Wannan zai jero maka katunanka da adireshin kowanne. Na biyu: ip, tazara, link, ya nuna maka wane kati ne a tashe, wane ne a kwance, kuma ko an soka kebul. Na uku: ip, tazara, route, ya nuna maka ta inda saƙo ke fita. A nan ka nemi layin da ya fara da kalmar default. Idan babu shi, kwamfutarka za ta iya ganin maƙwabtanta a ɗaki ɗaya, amma ba za ta kai intanet ba. Idan kuma ka ga adireshin katinka ya fara da 169.254, ma'anarsa ta nemi adireshi daga DHCP ba ta samu ba, sai ta ƙirƙira wa kanta. Ka duba kebul da rauta kafin ka zargi manhaja. A maimakon netstat kuwa, akwai ss, haruffa biyu kacal.

Da zarar ka rubuta ip addr za ka ci karo da wani abin mamaki. Littafinka ya ce sunan katin eth0, amma kai abin da kake gani enp3s0 ne, ko wlp2s0. Ba lalacewa ba ce. A da, Linux tana raɗa wa katuna suna ne bisa wanda ta fara gani lokacin tashi. Idan na'ura tana da kati biyu, yau wannan ne eth0, gobe bayan an sake kunnawa sai su yi musaya, saitin ciki ya koma na waje. A sabar da ke tsare makaranta daga intanet, wannan ba ƙaramar ɓarna ba ce. Daga 2013 aka fito da tsarin raɗa suna bisa gurbin da katin yake zaune a jikin na'ura. Haruffan en na nufin katin kebul, wl na nufin Wi-Fi, ww na modem ɗin layin waya ne, lambobin da ke biye kuma suna nuna mazauninsa. Sunan ba shi da daɗin faɗa, amma ba ya sauyawa don an kashe an kunna. Saboda haka kada ka kwafi eth0 daga littafi. Ka duba sunan naka katin tukuna.

Yanzu mu zo kan mantuwa. Duk abin da ka saita da ip, a cikin ƙwaƙwalwar aiki yake zaune. Aka ɗauke wuta, ko janareta ya shaƙe, ko batirin inbata ya ƙare, kwamfuta ta tashi kamar ba ka taɓa ta ba. A ƙasashen da sabar ke yin wata da watanni ba ta mutu ba, mai irin wannan kuskure zai daɗe bai gane ba. Mu a nan da wuya a kai yamma asiri bai tonu ba. Saurayi ya saita wa shago adireshi da ip, komai ya yi aiki, aka biya shi ya tafi, kafin la'asar ana ta kiran wayarsa. Ba mugunta ya yi ba, bai san cewa aikin bai ƙare ba sai an rubuta shi a wurin da kwamfuta za ta tuna. Wannan ne aikin kashi na biyu.

Mafi tsufa a cikinsu da har yanzu ake gani shi ne na Debian, ifupdown. Fayil guda ne mai suna interfaces a cikin foldar /etc/network. Ka rubuta layuka huɗu ko biyar, sunan kati, adireshi, rauta, shi ke nan. Idan kwamfuta ta tashi sai ya karanta ya aiwatar, ya koma gefe. Ba ya zama yana sa ido a kan katin. Ga sabar da ke zaune wuri ɗaya da kebul ɗaya, wannan ya wadatar, kuma duk wanda ya zo bayanka zai karanta fayil ɗin ya gane cikin minti guda.

Na biyu, wanda mafi yawanku za ku fi hulɗa da shi, NetworkManager ne. Kamfanin Red Hat ne ya fara shi a 2004, saboda kwamfutar cinya. Ita kwamfutar cinya da safe tana kan Wi-Fi na ofis, da rana tana kan kebul a ɗakin karatu, da dare tana jan data daga waya. Ba mai iya gyara fayil sau uku a rana. NetworkManager yana zaune ne a bayan fage kullum, yana lura da abin da aka soka da abin da aka cire, yana riƙe da bayanin kowace sadarwa da ka taɓa shiga. Ɗan hoton nan na Wi-Fi da kake dannawa a kusurwar allon Ubuntu ko Fedora ko Linux Mint, fuskarsa ce. Wanda ba shi da allo mai hoto yana da nmcli na rubuta umarni, da nmtui mai kawo jerin zaɓi da ake bi da maɓallan kibiya. Ga sabon shiga da aka ajiye a gaban baƙin allo, nmtui rahama ne.

Akwai abubuwa uku a tare da shi da suka dace da yanayinmu ƙwarai. Yana aiki da modem na layin waya, ta hanyar abokin aikinsa ModemManager. Yana kuma da tsarin fifiko: idan kebul da Wi-Fi da modem duk suna haɗe, yana ba kebul lamba 100, Wi-Fi 600, modem 700, kuma mai ƙaramar lamba ake bi. Kebul ya yanke, sai ya koma Wi-Fi da kansa. Kebul ya dawo, shi ma ya dawo. Na ukun shi ne wanda nake so kowane ɗalibi ya sani: kana iya yi wa sadarwa alamar cewa datarta a ƙirge take. Idan ka yi haka, manhajojin da ke mutunta wannan alama za su dakata da sauko da manyan sabuntawa har sai ka koma inda data ba ta da tsada. Duk wanda ya taɓa sayen datar wata guda ya wayi gari ta ƙare ya san darajar wannan. Har ila yau, da shi za ka iya mayar da kwamfutarka mai raba intanet ga wasu. A nan yakan ba kansa adireshin 10.42.0.1 ya raba wa sauran na'urori adireshin da ke biye da shi.

A shekarun baya tsofaffin ma'aikata suna da al'ada: da sun kafa sabar, abu na farko su kashe NetworkManager. A lokacin suna da hujja, domin an gina shi ne da kwamfutar cinya a zuciya. Yau wannan hujja ta raunana. Red Hat da kanta ta ayyana tsofaffin fayilolinta na saitin sadarwa a matsayin masu barin gado a manhajarta RHEL 8 ta 2019, ta cire manhajar da ke tafiyar da su a RHEL 9 ta 2022. Wanda ke kan Rocky Linux ko AlmaLinux ko Fedora, NetworkManager ne hanyarsa, ko a sabar ne. Ita ma 'yar ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi, da ɗalibai ke yawan amfani da ita a aikin kammala karatu, manhajarta ta bar wata mai suna dhcpcd ta koma NetworkManager a 2023. Shi ya sa darasin da aka rubuta kafin wannan shekara, mai cewa a gyara fayil ɗin dhcpcd, ba ya aiki a sabon zubi. Ɗalibi zai bi shi layi-layi, babu kuskure ko ɗaya, amma babu abin da zai sauya, domin ba mai karanta fayil ɗin.

Na uku shi ne systemd-networkd, wanda ya shigo a 2014 a matsayin wani sashe na systemd. Ƙananan fayiloli ake rubuta masa a foldar /etc/systemd/network. Ba shi da nauyi, yana tashi da sauri, kuma yana lura da kebul idan an cire ko an mayar. Ya dace da sabar da kwamfutocin haya na intanet. Amma shi kaɗai ba ya shiga Wi-Fi mai kalmar sirri, sai an haɗa shi da wpa_supplicant ko iwd. Ban ba mai kwamfutar cinya shawarar ya wahalar da kansa da shi ba.

Sai Netplan, wanda ya fi kowanne rikita mutane, domin shi ba ya riƙe kati da kansa. Kamfanin Canonical mai Ubuntu ne ya kawo shi, ya zama hanyar Ubuntu daga siga ta 17.10 a 2017. Kai za ka rubuta abin da kake so a fayil cikin foldar /etc/netplan, shi kuma ya juya shi zuwa saitin da NetworkManager ko systemd-networkd zai aiwatar. A Ubuntu ta tebur NetworkManager yake miƙa wa, a Ubuntu ta sabar kuma systemd-networkd. Fayil ɗin da tsarin rubutu na YAML ake yin sa, kuma YAML ba ya yafe kuskuren tazara. Yawan gurbin da ka bari a farkon layi yana cikin ma'anar rubutun, kuma bai yarda da maɓallin Tab ba sam. Gurbi ɗaya ya ƙaru ko ya ragu, fayil ya ƙi karɓuwa. Mutane da yawa sun tsani Netplan saboda wannan kaɗai, kuma na fahimce su.

Duk da haka yana da wani abu da nake yaba masa matuƙa, wato umarnin netplan try. Idan ka yi amfani da shi, zai aiwatar da sabon saitin, ya jira daƙiƙa 120. Ka tabbatar masa, ya bar shi. Bai ji daga gare ka ba, ya mayar da na da. Ka yi tunanin kana Kano, sabar tana Abuja ko ma tana wata ƙasa, kana shiga ta daga nesa ta wannan katin da kake gyarawa. Kuskuren lamba ɗaya ya isa ya rufe ka a waje, ba ka da hanyar komawa ka gyara. Minti biyun nan su ne tsakaninka da shiga mota. Ƙarin gargaɗi ga masu hayar sabar a intanet: sau da yawa wata manhaja mai suna cloud-init ce ke rubuta fayil ɗin Netplan na farko, kuma tana iya sake rubuta shi. Ka karanta bayanin da ke saman fayil ɗin kafin ka taɓa shi.

To, masu sauraro, ga zuciyar maganar. Hausawa sun ce ba a sarki biyu a gari ɗaya. Mafi yawan matsalar sadarwa da ke hana ɗaliban Linux barci ba daga zaɓen kayan aiki mara kyau take zuwa ba, domin duk waɗanda muka ambata suna aiki. Tana zuwa ne daga naɗa biyu a kan kati ɗaya. Alamominta sanannu ne. Ka sa adireshi da hannu, bayan 'yan mintuna ya ɓace, ko tsohon ya dawo. Kati ya wayi gari da adireshi biyu, ba ka san inda na biyun ya fito ba. Intanet ta yi aiki yau, gobe bayan an kunna ta ƙi, jibi ta dawo, gwargwadon wanda ya riga ɗan'uwansa tashi. Kai kana ganin kamar aljanu ne, alhali manhajoji biyu ne kowacce ke bin umarnin da aka ba ta.

Inda wannan faɗa ya fi fitowa fili shi ne fayil ɗin resolv.conf da ke cikin /etc, mai riƙe da adireshin DNS. Tsofaffin darussa suna cewa ka buɗe shi ka rubuta adireshin da kake so. Ka rubuta, ya yi aiki, an sake kunnawa, rubutunka ya shafe. A Ubuntu ta yanzu, idan ka buɗe shi za ka ga 127.0.0.53, wanda ba wata na'ura ba ce a waje, wata manhaja ce a cikin kwamfutarka mai suna systemd-resolved. Ba a nan ake gyara ba. Ka gaya wa mai riƙe da katin, ko NetworkManager ne ko Netplan, DNS ɗin da kake so, shi zai isar. Yadda kuma za ka gane matsalarka ta DNS ce: ka gwada umarnin ping zuwa lamba, misali 8.8.8.8 ta Google. Idan lamba ta amsa amma sunan shafi ya ƙi, kati lafiya lau yake, rauta ma haka, fassarar suna ce ta tsaya.

Saboda haka kafin ka gyara komai a kwamfutar da ba kai ka kafa ta ba, ka fara tambaya: wa ke riƙe da katin nan? Rubuta nmcli device status. Idan NetworkManager yana nan zai jero katuna, wanda ba ya hannunsa kuma zai rubuta unmanaged a gabansa. Rubuta networkctl list, ka ji ta bakin systemd-networkd. Leƙa foldar Netplan ka ga ko akwai fayil. Leƙa fayil ɗin interfaces. Minti biyu ne, kuma za su hana ka ɓata yini. A Debian, alal misali, duk katin da aka ambata a fayil ɗin interfaces, NetworkManager yana janye hannunsa daga kansa da gangan. Mutum zai ga hoton kusurwar allo yana cewa ba ya kula da kebul, ya ɗauka lalacewa ce, alhali ladabi ne tsakanin manhajoji biyu. Kuma ba laifi ba ne su zauna a na'ura ɗaya, muddin kowanne da katinsa: wannan ya riƙe kebul, wancan ya riƙe Wi-Fi.

Idan ka tambaye ni wanne za ka zaɓa, amsata ta farko ita ce ka zauna da wanda manhajarka ta zo da shi, sai in kana da dalili mai ƙarfi. Shi aka gwada da ita, shi sabuntawa za ta mutunta, shi kuma wanda zai gaje ka a aikin zai fara nema. Wannan na ƙarshen muna yawan mantawa da shi. Ɗan bautar ƙasa ya kafa wa makaranta sabar da wani tsari na musamman da shi kaɗai ya gane, shekara ta cika ya tafi, malamin da ya rage ya rasa ta inda zai kama. Gwaninta a wannan aiki ta haɗa da barin abin da wani zai iya karantawa. Bayan wannan, ka dubi rayuwar na'urar. Mai yawo tsakanin Wi-Fi da waya da modem, NetworkManager ne nata, babu dogon tunani. Mai zama wuri ɗaya, abin da reshenta ya tanada: Netplan a Ubuntu, fayil ɗin interfaces ko systemd-networkd a Debian, nmcli a dangin Red Hat.

Shi kuwa ip, ka riƙe shi a kowane hali, domin ko wa ke mulkin katin, ip ne zai gaya maka abin da ke ƙasa a zahiri. Mantuwarsa ma tana da amfani idan ka san ta. Kana so ka gwada sabon adireshi a sabar da ke nesa? Kada ka cire tsohon. Ka ƙara sabon a gefensa da ip addr add, ka buɗe wata taga ka gwada shiga ta sabon. Ya yi aiki, sai ka rubuta shi a wurin dindindin. Bai yi ba, tsohon yana nan, kuma ko abin ya cakuɗe, wanda ke kusa da na'urar ya kashe ya kunna, komai ya koma yadda yake. Kafin ka taɓa kowane fayil kuma, ka yi kwafinsa ka ajiye da kwanan wata a sunansa.

Masu Windows da suka yi haƙuri da mu har zuwa nan, ku naku da sauƙi, domin mai riƙe da kati ɗaya ne. Umarnin ipconfig yana nuna muku adireshi da rauta, idan kun ƙara /all ya nuna har da DNS. Sauya saiti kuma ana yinsa ta shafin saituna, ko da netsh, ko da PowerShell, kuma abin da kuka sa yana zama ko an kashe an kunna. Maganar 169.254 da gwajin ping da muka yi, duk suna aiki a wurinku yadda suke.

Aikin gida na wannan mako: duk mai Linux a kusa, ya rubuta ip addr da ip route, ya kwafe sunan katinsa da adireshinsa da na rautarsa a takarda, sannan ya binciko wace manhaja ce ke riƙe da katin. Ku ajiye takardar, domin da ita za mu yi aiki a shiri na gaba, inda za mu ɗauki sabar ɗakin kwamfuta na makaranta mu ba ta adireshi na dindindin, mataki-mataki, sau ɗaya da nmcli, sau ɗaya da Netplan.